Bayani a Kan Dashen Lalle da Renonsa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta. Bayan haka:

Lalle, wanda Larabawa ke kira hinna'u, furensa kuwa fagiya, itace ne na ƙasashen zafi, tun daga ƙasar Hausa har Hindu. Galibin mutane ba su san shi ba sai gari cikin ƙwaryar ƙunshin amarya, ko ja a gemun dattijo. Alhali kuwa in an bar shi ya girma yakan kai kamu goma, ya fid da fure ƙanana, farare ko masu ratsin ja, waɗanda ƙamshinsu ke game gida da almuru.

Abin da ya sa furen ya yi wuyar gani shi ne, falke ganye yake saye. Saboda haka mai garka yakan sare itacen kusa da ƙasa, sau biyu a shekara ko fi, don ya yi sabon toho. Fure kuwa a kan reshe yake fita. Wanda ya sare duka ya sami kuɗi, amma ba shi da fure, ba shi da iri.

Hanyar samunsa biyu ce. Ta fari ita ce iri. Ɓawonsa yana da tauri, sai an jiƙa shi kwana 3 zuwa 7, ana sake ruwa kullum, ya kumbura, sa'an nan a yafa a kwami. In tsiro ya kai ɗani biyu a cire a dasa. Ta biyu ta fi sauƙi, watau a yanko reshe mai kaurin alƙalami, tsawon ɗani guda, a binne fiye da rabinsa da farkon damina, a bar kamu biyu tsakanin gindi da gindi.

Lalle yana son rana, ba ya son inuwar babban itace, ba ya kuwa son wurin da ruwa ke kwanciya. Ranin farko ne abin tsoro. A yi masa danga saboda awaki, a ba shi ruwa, a zuba toka a gindinsa saboda gara. Makarantar allo ba ta rasa ruwan alwala, in an ja masa hanya zuwa gindin ya wadatar. Bayan ya kafa saiwa yana jure fari ƙwarai. In ya zub da ganye da hunturu kada a ce ya mutu, zai toho in zafi ya komo. Tsofaffin rassansa sukan yi ƙaya, ya zama shinge da kansa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi: mai son doguwar bishiya ya zaɓi rassa biyu ko uku tun da wuri, ya riƙa datse na ƙasa.

Game da ganye, sabon toho ya fi tsoho kamu. A shanya shi a inuwa, gama rana tana kashe masa kore, darajarsa ta faɗi a kasuwa. Garin Sojat na ƙasar Hindu da noman lalle ya yi suna a duniya, kuma akwai na ƙetare cikin fakiti a kasuwanninmu. To, a lura: lalle tsantsa ja yake kamawa, ba ya yin baƙi. Wanda ke baƙi nan take sau da yawa an gauraya shi da sinadarin rinin gashi, wanda kan sa fata ta yi bororo. Mai itace a gidansa ya san abin da iyalinsa ke ƙunsawa.

Shawara ita ce, mai gindi 10 ya sare 8 domin ciniki, ya bar 2 su miƙe su yi fure, su ba da irin baɗi. Allah ne Mafi sani.