Haddar Alƙur'ani: Hanyoyin ɗauka da dabarun riƙewa

A kowace shekara makarantun tahfizi, Islamiyyu da tsangayoyi a sassan Nijeriya suna yaye ɗalibai maza da mata da suka haddace Alƙur'ani Mai Girma. Ana yin walima, a raba shahada, iyaye su yi murna. Abin da ba a cika waiwaya ba shi ne halin da haddar take shiga bayan shekara biyu ko uku, lokacin da ɗalibin ya tafi jami'a, ko ya shiga kasuwa, ko aka kai ɗalibar ɗakin miji. A nan ne da yawa suke wayar gari su tarar izu sittin ɗin da aka yi wa biki sun koma goma, sauran kuma sai da duba.

Matsalar tsohuwa ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito hadisin da Manzon Allah (SAW) ya kamanta ma'abocin Alƙur'ani da mai raƙuman da aka yi wa dabaibayi: in yana kula da su ya riƙe abinsa, in ya sake su suka tafi. Saboda haka duk tsarin haddar da ya tanadi yadda za a ɗauki sabon karatu, bai tanadi yadda za a tsare tsohon ba, rabin tsari ne.

Sanin girman aikin

Alƙur'ani yana da surori 114, an kasa shi juzu'i 30, wato izu 60. Kowane izu yana da sumuni takwas, jimla sumuni 480, kuma da wannan ma'auni tsangaya take aiki. Mus'hafin bugun Madina, wanda Usman Ɗaha ya rubuta da hannunsa kuma Cibiyar Sarki Fahad take bugawa, yana da shafi 604, kowane shafi layi 15, kowane juzu'i kimanin shafi 20.

Daga nan lissafin a fili yake. Wanda yake haddace shafi ɗaya a rana, kwana biyar a mako, zai kammala cikin kimanin shekara biyu da wata huɗu. Mai rabin shafi zai ninka wannan lokaci. Magidancin da layi biyar kawai yake iya ɗauka bayan sallar asuba zai kai wajen shekara bakwai, wanda ba wani dogon zamani ba ne idan aka tuna cewa Littafin kansa cikin shekara 23 aka saukar da shi, kaɗan-kaɗan. An kuma ruwaito daga Abu Abdurrahman Assulami cewa sahabban da suka karantar da su ba sa wuce ayoyi goma sai sun san abin da ke cikinsu na ilimi da aiki. Makarantar da take yi wa iyaye alkawarin izu sittin cikin 'yan watanni ya kamata a tambaye ta sa'a nawa ta ware wa tilawa a rana, tun kafin a tambayi kuɗin zango.

Gyara kafin hadda

Ba a haddar abin da ba a gyara ba. Kuskuren da aka maimaita sau arba'in har ya zauna a harshe ya fi sabon karatu wahalar cirewa. Shi ya sa ƙa'idar farko a kowace makaranta ita ce ɗalibi ya ji karatun daga bakin malami, sannan ya biya wa malamin, kafin ya koma gefe ya fara maimaitawa.

Mai jin Hausa yana da baƙaƙen da suke ba shi wahala na musamman. Harafin da ake kira lodi a makarantar allo ya daɗe yana fita kamar “l” a bakin Bahaushe, abin da ya bar alama har a cikin harshen kansa: alwala, larura, alƙali da Ramalan duk daga kalmomin Larabci masu wannan harafi suka fito. Haka nan ana haɗe baƙaƙe uku masu kama da “s” su zama ɗaya, ana kuma sassauta haruffan maƙogwaro. Waɗannan ba a gyara su da karanta littafin tajwidi kaɗai. Sai an zauna gaban wanda zai ce a sake.

Sauraron ƙira'a yana taimakawa, musamman ta makarantan da suke karatu a tsanake. Shehu Mahmud Khalil Alhusari na Masar, wanda ya fara naɗar Alƙur'ani cikakke da salon tartili a shekarar 1961, yana da naɗi a riwayar Hafsu da kuma ta Warshu, kuma har yau malamai suna tura ɗalibai gare shi saboda fitar haruffansa. Sai dai waya ba ta jin kuskuren mai saurarenta.

Akwai abubuwa biyu da ake so ɗalibi ya yanke shawara a kansu tun ranar farko. Na ɗaya riwaya: tsangayoyi sun gaji riwayar Warshu daga Nafi'u, yawancin Islamiyyu kuma suna kan riwayar Hafsu daga Asim. Dukansu ingantattu ne, amma mai farawa ya kama ɗaya har ya kai ƙarshe, domin sun bambanta a wasu wasula, da tsawon madda, har da ƙidayar ayoyi. Na biyu mus'hafi. Ido yana haddace wurin da aya take a shafi kamar yadda harshe yake haddace sautinta, har mahaddaci kan tuna cewa ayar da ta kakare masa tana saman shafin dama. Wanda yau ya karanta a wannan bugu, gobe a wancan, jibi a waya, ya zubar da wannan taimako.

Yadda ake ɗaukar ƙari

Lokacin da aka fi yarda da shi shi ne kafin sallar asuba da bayanta, sa'ad da gari yake shiru kuma hidimar yini ba ta cika zuciya ba. Dabarar da malamai da yawa suke bayarwa ita ce a karanta shafin gobe da dare, da duba, sau da yawa, sannan a kwanta. Binciken masana ƙwaƙwalwa ya tabbatar da cewa barci yana taimakawa wajen zaunar da abin da aka koya, don haka da asuba shafin ba ya zuwa a matsayin baƙo.

Ana ɗaukar aya ɗaya a maimaita ta da duba har harshe ya saba, a rufe mus'hafi a kawo ta da ka. Sai ta biyu. Kafin a je ta uku, a haɗa ta farko da ta biyu. Wannan haɗi shi ne wurin da ake yawan sakaci, domin ɗalibi kan iya kowace aya ita kaɗai amma ya tsaya cak a ƙarshenta, bai san wadda take biye ba. Haka abin yake tsakanin shafi da shafi, shi ya sa ake so a riƙa haɗa ƙarshen karatun jiya da farkon na yau. Doguwar aya kuwa, irin ta 282 a Suratul Baƙara wadda ta cika shafi guda ita kaɗai, ana yanka ta gaɓa-gaɓa bisa wuraren tsayawa.

Karatun a bayyane ake yin sa, kunne ya ji abin da baki yake faɗa. Sanin ma'ana ko da a taƙaice, daga tafsiri ko tarjamar Hausa, yana rage wahala ƙwarai, musamman a surorin ƙissoshi kamar Yusuf da Ƙasas inda labarin da kansa yake jan mai karatu zuwa gaba.

Tsangaya tana da wata dabara da makarantun zamani suka yi saurin yarwa, wato rubutu. Almajiri yana rubuta karatunsa a allo da tawada, ya haddace, malami ya ji, sannan a ba shi izinin wankewa. Idan ya yi nisa sai ya kai matakin satu, inda zai rubuta karatun da ka ba tare da duba mus'hafi ba, a kai allon gaban malamai a bi shi baƙi-baƙi. Hannu yana tona abin da baki yake ɓoyewa: mai karatu da sauri zai iya haɗiye wasali ba a gane ba, mai rubutu kuwa dole ya sa shi. Ɗalibin da ba shi da allo, littafin rubutu da biro sun ishe shi.

Tilawa ita ce jarin

A ƙarni na 19 wani masani Bajamushe, Hermann Ebbinghaus, ya wallafa sakamakon gwajin da ya yi a kan mantuwa a shekarar 1885. Ya nuna cewa mafi yawan abin da ake mantawa a sa'o'i da kwanakin farko yake zubewa, kuma maimaitawa a rarrabe cikin kwanaki ta fi maimaitawa a zama ɗaya amfani. Makarantun Alƙur'ani sun riga shi aiki da wannan tun da daɗewa.

A makarantun Indiya da Pakistan ana kasa aikin yini gida uku: sabon darasi, darussan kwanakin baya na kusa, da tsohuwar hadda da ake kewayawa. Sunayen sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma tsarin ɗaya ne da abin da gogaggen malamin tsangaya yake yi. Kashi na tsakiya shi ne mafi rauni, kuma shi ake yawan tsallakewa. Shafin da aka haddace ranar Asabar yana buƙatar a biya shi kowace rana har tsawon mako biyu ko fiye, kafin a mayar da shi cikin tsohuwar hadda.

Ita kuwa tsohuwar hadda nauyinta ƙaruwa yake yi kullum, kuma wannan ne abin da mai farawa ba ya hangowa. Mai izu biyar zai iya kewaye haddarsa cikin kwana biyar da izu ɗaya a rana. Mai izu arba'in in ya tsaya a kan wannan ma'auni, sai bayan kwana arba'in zai sake haɗuwa da kowane izu, wanda ya yi nisa ga haddar da ba ta nuna ba. Don haka yayin da hadda take yawa, lokacin tilawa ne yake cin na ƙari. Wanda ya kammala, izu biyu a rana zai ba shi sauka ɗaya a wata, kuma wannan shi ne mafi ƙaranci. Izu shida zai ba shi sauka cikin kwana goma. An ruwaito cewa sahabbai suna kasa Alƙur'ani kashi bakwai don saukar mako: surori uku, sannan biyar, bakwai, tara, sha ɗaya, sha uku, sai kuma daga Suratu Ƙaf zuwa ƙarshe.

Idan tsohon karatu ya fara rawa, maganin shi ne a dakatar da ƙari baki ɗaya, ko da na wata guda ne, har sai ya daidaita. Iyaye kan ga wannan kamar koma-baya, har wasu su cire yaro su kai shi inda ake sauri. Gara izu ashirin da za a iya tayar da mutum daga barci ya karanta, da sittin na takardar shahada.

Tilawa kuma ta fi ƙarfi idan akwai mai saurare. Mala'ika Jibrilu yakan yi bitar Alƙur'ani da Annabi (SAW) a kowane Ramadan, a shekarar ƙarshe kuma sau biyu. Musaffa, inda mahaddata suke zama suna karɓa-karɓa, ko aboki ɗaya da zai riƙe mus'hafi yana bi, suna kama kuskuren da mutum ba zai taɓa ji da kansa ba. Sai kuma salla: karatun da aka iya tsayuwa da shi a nafilar dare ko a limancin asham, ba mus'hafi a hannu, shi ne ya zauna.

Ayoyi masu kama da juna

Ƙissar Annabi Adamu da Iblis ta zo a surori bakwai: Baƙara, A'arafi, Hijri, Isra'i, Kahfi, Ɗaha da Sad. Labarin umartar Bani Isra'ila da shiga alƙarya ya zo a Baƙara aya ta 58 da A'arafi aya ta 161, da kalmomi kusan iri ɗaya, amma an gabatar da wani yanki a nan an jinkirta shi a can. Mahaddaci kan fara a wata sura ya tsinci kansa a wata bai sani ba. Malamai sun yi rubuce-rubuce a kan wannan fanni, kamar Alburhan na Kirmani da waƙen Hidayatul Murtab na Imam Sakhawi, alarammomin ƙasar Hausa da Barno kuma suna da nasu ilimin harji, na ƙididdige sau nawa kalma ta zo da wata siga da kuma inda ta zo. Ga ɗalibi, hanya mai sauƙi ita ce ya ware littafi guda, duk inda ya ruɗe ya rubuta ayoyin biyu gefe da gefe, ya ja layi ƙarƙashin bambancin. A musabaƙar ƙasa da Cibiyar Nazarin Addinin Musulunci ta Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Sakkwato, take shiryawa tun 1986, irin waɗannan wurare suna cikin inda ake rarrabe gwani da mai bi masa.

Bulala ba ta cikin dabarun hadda. Yaron da yake biya karatu yana kallon hannun malami zai iya kawo shafin yau, amma yakan tashi da ƙin zaman karatun, ranar da ya fi ƙarfin duka kuma tilawa ta tsaya.

Ga mata akwai tambayar da take yawan tasowa, ta kwanakin al'ada, domin yanke tilawa na mako guda a kowane wata yana raunana hadda. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawan Musulmin Nijeriya suke bi, an halatta wa mai haila ta karanta Alƙur'ani da ka, an kuma yi rangwame ga mai koyo da mai koyarwa su taɓa allo ko mus'hafi saboda buƙatar karatu. Wasu mazhabobin sun tsaurara a kan haka, kuma matar da take bin su za ta iya cike kwanakin da sauraron izun da ya kamata ta biya a kowace rana, sannan ta kawo su da ka bayan ta yi tsarki.