Yadda Amurka ke bibiyar murar hunturu

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da ke Atlanta tana fitar da rahoton FluView duk mako kan infuluwenza, murar nan mai zazzaɓi da ke kwantar da mutum. Ɗakunan gwaji ne ke tantance ƙwayar da ke yawo, asibitoci kuma su ba da adadin waɗanda aka kwantar. Cutar takan fi ƙamari tsakanin Disamba da Fabrairu.

Ƙidayar mamata ce mai wuya. Tun 2004 ake kai rahoton mutuwar kowane yaro sanadiyyar murar, amma ta manya ƙiyasi ake yi, domin tsoho kan rasu da ciwon huhu ko na zuciya bayan murar, ba a ma gwada shi ba.