Tafireta Ta Dawo Kasuwa: Abin Da Ya Kamata Ka Sani Kafin Ka Saya

A watan Disambar 2009, kamfanin gwanjo na Christie's da ke New York ya sayar da wata tsohuwar tafireta a kan dala 254,500. Olivetti Lettera 32 ce, mallakar marubucin Amurka Cormac McCarthy, wanda ya saye ta dala 50 a shagon jingina shekaru aru-aru da suka wuce, ya kuma buga kusan dukkan littattafansa da ita. Wani abokinsa ya nemo masa irinta sak a kan kuɗin da bai kai dala 20 ba, ya ci gaba da aikinsa. Sunan mai ita aka saya, ba ƙarfen ba. Ka riƙe wannan a ranka duk lokacin da ka ga an liƙa wa tafireta farashin hauka a intanet.

Da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi ba su taɓa danna tafireta ba, sai dai ko sun ji ƙarar ta a bakin kotu, wajen masu buga takardar rantsuwa, kafin shagunan kwamfuta su karɓe aikin. Amma kullum kana amfani da gadonta. Jerin QWERTY da ke kan wayarka daga injin Sholes da Glidden ya samo asali, wanda Remington ya fitar kasuwa a 1874. Maɓallin Shift kuwa ya zo da Remington No. 2 a 1878, kuma a lokacin da gaske yake ɗaga wani sashe na injin domin babban baƙi ya bugi takarda.

Masu tarawa a Turai da Amurka sun fi son ƙananan, masu akwati da mariƙi, waɗanda ɗan jarida zai rataya ya hau jirgi. Hermes Baby ta Suwizalan ta fito a 1935. Lettera 22 ta Italiya, wadda Marcello Nizzoli ya zana, ta fito a 1950, nauyinta kusan kilo 4, har gidan adana kayan fasaha na MoMA ya ajiye ɗaya. Sai Valentine, ja zur, ta roba, wadda Ettore Sottsass da Perry King suka zana a 1969. Ita ce ta fi kyau a hoto, shi ya sa tsadarta ta fi aikinta. A ganina, mai son ya yi rubutu da gaske gara ya nemi Lettera 32, ko Olympia SM9 ta Jamus, ko ɗaya daga cikin ƙananan Brother na Japan, waɗanda an ƙera su da yawa, don haka ba su da wahalar samu. Jarumin fim Tom Hanks, wanda ya tara ɗaruruwa, har manhaja ya fitar a 2014, Hanx Writer, mai kwaikwayon ƙarar tafireta a kan iPad. Ƙarar kawai za ta ba ka, saƙonnin WhatsApp na nan suna shigowa.

Nan ne fa amfanin injin yake. Ba ta buƙatar caji, ba ta cin data, ba ruwanta da ɗauke wuta. Ba ta da maɓallin gogewa, saboda haka ba za ka kwashe rabin awa kana gyara jimla ɗaya ba, dole ka wuce gaba. Wanda ya taɓa zama rubuta labari a waya ya tsinci kansa a TikTok ya san abin da nake nufi. Sai dai tana da ƙara, kuma yatsun da suka saba shafa gilashi za su yi tsami a makon farko, domin bugu ake yi mata, ba shafa ba.

Ga mai rubutu da Hausa akwai matsalar da masu tallar ba za su faɗa maka ba. Waɗannan injuna ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Za ka buga "baki" alhali "baƙi" kake nufi, "kafa" a maimakon "ƙafa", "kare" a wurin "ƙare". Tsofaffin akawuna sukan buga baƙin yadda yake, bayan sun zare takardar su bi da biro suna ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya. Wasu kuma alamar ɗauri suke sakawa kusa da baƙin. Duka biyun suna aiki, amma ka yi tunanin shafi hamsin. A nan kam Gboard ta fi ta, tunda dogon danni ɗaya ya isa. Za kuma ka iya tarar da cewa babu lamba 1 a jikinta. Ba lalacewa ta yi ba, ƙaramin baƙin l ake bugawa a madadinta. Alamar motsin rai ma haɗa ta ake yi: ka buga aya, ka koma baya, ka ɗora alamar ɗauri a kai.

Idan ka samu wata a kasuwar kayan gwanjo ko a ɗakin ajiyar kakanka, ka tafi da farar takarda. Ka danna kowane baƙi ka ga ko sandarsa tana tashi ta koma da kanta. Ka duba ko sashen da ke ɗauke da takarda yana matsawa taki ɗaya da kowane bugu, ƙararrawa kuma ta kaɗa a ƙarshen layi. Idan ba ya motsi sam, kada ka ja da ƙarfi. Yawancin ƙananan suna da makullin tafiya a gefe, wataƙila shi ne a rufe. Ka sa farce a kan baƙar robar da takarda ke naɗewa a jikinta. In ta bushe ta zama kamar dutse, baƙaƙen za su riƙa huda takarda, kuma sake ta aiki ne mai tsada. Ka kuma duba jerin haruffan, don ta Jamus QWERTZ ce, ta Faransa AZERTY, irin wadda aka fi sani a Nijar.

Ribon, wato zaren tawada, bai kamata ya tsorata ka ba. Yawancinsu mai faɗin rabin inci suke ɗauka, kuma har yanzu ana ƙera shi. Abin da ya bambanta shi ne kwarkwaron da ake naɗe shi, musamman na Olivetti, saboda haka kada ka zubar da tsohon, ka warware sabon zare ka naɗa a kansa. Baƙaƙen da suka maƙale kuwa galibi tsohon mai ne ya daskare da ƙura. Tsohon buroshin haƙori da ɗan sifirit sun isa. Kada ka fesa mata WD-40, yau za ta saki, bayan 'yan watanni ta ƙara cijewa, balle a ƙurar hunturu.

Kayan gyara su ne babban ƙalubale. Kamfanin Brother ya ƙera tafireta ta ƙarshe a masana'antarsa ta Wrexham a Birtaniya a Nuwamban 2012, ya miƙa ta ga gidan tarihin kimiyya na Landan. Manyan kamfanonin da suka ƙera irin waɗannan tsofaffin sun daɗe da daina yin sassansu, don haka masu gyara daga matattun injuna suke cirowa. Idan a garinku akwai dattijon da ya taɓa gyaran tafiretocin ofis, ka neme shi ka kai masa ita ya duba kafin ka biya kuɗi, ka kuma tambaye shi ko yana da wata matacciya irinta da zai sayar maka a ajiye.