Jini bayan maganin fitar da ciki: ina iyakar na aiki, ina farkon na haɗari

Akwai wata ƙaramar ƙwaya, misoprostol, wadda aka fi sani da sunan kasuwarta, Cytotec. Don gyambon ciki aka fara yin ta, daga baya aka gane tana sa mahaifa ta tsuke ta tunkuɗo abin da ke cikinta. A 2006 hukumar NAFDAC ta yi mata rajista don maganin zubar jini bayan haihuwa. Ita likita ke ba matar da ɓarinta bai fita duka ba, da wadda ɗan tayi ya mutu a cikinta, da wadda ciki ke neman halaka ta. Ita ce kuma wasu ke saya a kemis su sha a ɓoye. Dokar Nijeriya ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, amma jiki ba ruwansa da dalilin shan ƙwayar: jinin iri ɗaya ne, alamomin haɗarin ma haka.

A inda ake da misoprostol da mifepristone duka biyu, ana fara ba da mifepristone, maganin da Faransa ta amince da shi a 1988. Aikinsa toshe sinadarin da ke riƙe da ciki, kuma yawancin mata ba sa ganin komai bayan sun sha shi. Sai bayan kwana ɗaya zuwa biyu a bi shi da misoprostol. Galibi cikin awa 1 zuwa 4 mara za ta fara murɗawa, jini ya ɓalle fiye da na al'ada, da gudaji waɗanda wasu kan kai girman lemon tsami. Sanyi da rawar ɗari, zazzaɓi kaɗan, tashin zuciya da gudawa duk aikin ƙwayar ne, kuma suna wucewa a ranar. Da zarar cikin ya fita, ciwo ya lafa, jini ya fara raguwa. Ibuprofen ya fi parasitamol maganin wannan ciwon marar.

Abin da ya fi tayar wa mata hankali shi ne daɗewar jinin. Yakan yi mako ɗaya zuwa biyu, wasu kuma su riƙa ganin ɗigo har wata guda. Yana iya ɗaukewa ya dawo, ya koma ruwan ƙasa, ya ƙaru a ranar da aka yi surfe ko ɗiban ruwa. Muddin yana raguwa daga mako zuwa mako, jiki kuma yana ƙara ƙarfi, wannan ba abin tsoro ba ne.

Ma'aunin haɗarin da likitoci ke bayarwa shi ne mace ta jiƙe manyan audugar mata biyu sharkaf a cikin awa ɗaya, hakan ya ci gaba awa biyu a jere. Ni a ganina ma'aunin nan yana da naƙasa a wurinmu, domin mata da yawa ƙunzugu suke yi da tsumma, tsumma kuwa ba ya ƙirguwa haka. Ga irinsu, jiki ne ma'auni: jini ya ratsa ƙunzugu da zane ya kai shimfiɗa a ɗan lokaci, jiri idan an miƙe, bugun zuciya da sauri, gumi mai sanyi, tafin hannu da cikin ido su yi fari. Matar da dama can ba ta da isasshen jini, kuma irinsu ba su da iyaka a ƙasar nan, ba ta da rarar da za ta jira gari ya waye. A nemi mota a daren.

Zazzaɓin da ya kai 38 a ma'auni bayan an kwana ɗaya da shan misoprostol, ko ruwa mai wari, ko ciwon mara da ke ƙaruwa maimakon raguwa, alamar ƙwayoyin cuta ne ko sauran abin da bai fita ba. Maganinsa yana asibiti: idan sauran abu ne, a ƙara ƙwayar, ko a yi wankin ciki da 'yar na'urar zuƙa ta hannu, aikin mintuna kaɗan. Jiƙe-jiƙe da cusa wani abu a gaba ƙara dagula lamarin suke yi.

Rashin ganin jini ma magana ce. Idan an kwana ɗaya ba a ga komai ba, ko dai maganin bai yi aiki ba (jabu na yawo a kasuwa, kuma damshi na lalata misoprostol), ko kuma cikin ba a mahaifa yake ba. Cikin da ya zauna a bututun ƙwai, ƙwayoyin nan ba sa taɓa shi. Yana iya fashewa jini ya taru a ciki, a waje ba a ganin komai, sai ciwo mai tsanani a gefe ɗaya, ciwon kafaɗa da suma. Hoton ciki ne ke tona shi.

Kunya ce ke cinye lokacin da ake buƙata. Kula da mace bayan ɓari ko zubar da ciki aikin asibiti ne da doka ba ta hana ba, kuma ma'aikaciyar jinya tana buƙatar sanin abin da aka sha da lokacin da aka sha. Ma'aikatan da ke tarbar mai zubar jini da gori su ma suna da kaso a cikin jinkirin.

Tashin zuciyar ciki yakan tafi cikin kwana biyu, nauyin nono yakan daɗe fiye da haka. Gwajin fitsari na iya ci gaba da nuna ciki har mako huɗu ko biyar, don haka yin sa da wuri ruɗani kawai zai jawo. Hanta, nama, wake da zogale suna taimaka wa jini ya dawo, tare da ƙwayar ƙarin jini idan an rubuta. Al'ada takan dawo cikin mako huɗu zuwa takwas, amma ƙwai na iya sauka tun kafin mako biyu su cika, wato mace na iya ɗaukar wani cikin ba ta ga al'ada ko sau ɗaya ba. Wadda ke son hutawa tana iya fara yawancin hanyoyin tazarar haihuwa nan take, in ban da robar mahaifa, wadda sai an tabbatar cikin ya fita ake sa ta.