Harshe Ya Shiga Kabari, Kyamara Ta Tsaya a Bakinsa

Duk wanda ya tashi a Sanyinna, ko a wani gari na ƙasar Tambuwal, inda Muhammadu Buhari ɗan Shehu ya yi zaman ribaɗi, ya san cewa tun kafin majigi da talabijin su iso, kunnen yaro ya riga ya ziyarci lahira. Domin makaho mai bara a bakin kasuwa, da tsohuwa mai kaɗi a tsakar gida, sukan rera waƙen wa'azi, waɗanda ke jan mai saurare daga gargarar mutuwa zuwa ƙuncin kabari, daga tambayar Munkar da Nakir zuwa tsayuwar hisabi, da mizani, da siraɗi.

Wannan gado ne na malaman jihadi. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta siffanta azabar wuta da ni'imar aljanna dalla-dalla a cikin Godaben Gaskiya, jajojinta kuma suka riƙa kai irin waɗannan waƙe ƙauyuka ga mata 'yan taru, don zuciya ta tsaya tsakanin tsoro da kwaɗayi. Makaɗa ma ba su bar fagen ba, sai dai su da wasa suke shiga: Ɗan Anace, idan zuga ta kai masa, yakan mai da ɗan dambensa ajali, har ya jawo Walakiri cikin da'irar dambe, jama'a na shewa.

Amma da fim ya kafu a Kano, tun daga Turmin Danya a 1990, sai al'amari ya sake. Za a nuna maka kukan mata da salallami, da gawa cikin likkafani bisa makara, da tabarmin zaman makoki, da rigimar rabon gado tun ƙasar kabari ba ta bushe ba. Sa'an nan kyamara ta juyo gida tare da masu rakiya, ta bar mamaci da aikinsa. Iyakar ƙoƙarinta ita ce mafarki, a ga marigayi cikin fararen tufafi yana yi wa ɗansa wasiyya.

Dalili kuwa a fili yake. Mawaƙi siffantawa yake yi da abin da nassi ya zo da shi, mai saurare kuma ya san gaibu ne, ido bai gani ba. Alhali mai fim ba shi da hanya face ya naɗa wa wani ɗan'adam rawani ya ce mala'ika ne, abin da malamai ba za su yarda da shi ba, balle Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001. Don haka ne aka ari rawa da waƙa daga Indiya, aka bar musu aƙidar sake haihuwar matattu irin ta fim ɗin Karan Arjun.

Sai dai fim ya zo da nasa wa'azin ba da niyya ba. Rabilu Musa Ibro ya rasu a Disambar 2014, ga shi har yau samari na taruwa bisa waya ɗaya a gindin bishiya suna ƙyalƙyala masa dariya, har wani ya tuna, ya sassauta murya, ya ce Allah ya jiƙansa, sauran su amsa da amin.