Maganin Barin Ƙwaya Ya Jawo Shari'ar Haƙora A Amurka

A watan Fabrairu na 2024 aka tattara ƙararrakin da mutane suka shigar a kotunan tarayya na Amurka kan wani magani mai suna Suboxone, aka danƙa su ga alƙali guda, Mai Shari'a Philip Calabrese, a Jihar Ohayo. Kukan masu ƙara ɗaya ne. Sun ce likita ya rubuta musu maganin don ya raba su da ƙwaya, sai haƙoransu suka ruɓe, waɗansu suka kakkarye, waɗansu kuma aka cire. Watau ana maganin ƙaba, kai na kumbura.

Shi dai wannan magani ana ba da shi ne ga wanda jarabar hiroyin ko ƙwayoyi danginta ta kama, dangin da tiramol da kodin suke ciki. A shekarar 2002 aka amince da ƙwayarsa, sa'an nan a 2010 kamfanin ya fito da shi a siffar wani ɗan siririn falle. Ba a haɗiye shi. Ana sa shi ne a ƙarƙashin harshe a bar shi ya narke, kullum, wata da watanni, wani ma shekara da shekaru. Lauyoyin masu ƙara sun ce fallen yana da tsami, tsamin nan kuwa shi ke cinye ƙarfin haƙori sannu a hankali.

Ranar 12 ga Janairu, 2022 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi shela cewa ta sami rahoton mutum 305 da haƙoransu suka lalace bayan amfani da irin waɗannan magunguna masu narkewa a baki, 131 daga cikinsu lalacewar ta yi tsanani. A watan Yuni na wannan shekara aka ƙara gargaɗi a takardar da ke cikin kwalin.

To, a nan shari'ar ta tsaya. Masu ƙara ba su musa cewa maganin yana aiki ba. Tambayarsu ita ce, tsakanin 2010 da 2022 me kamfanin Indivior ya sani, kuma me ya hana shi faɗa? Da an yi gargaɗi, in ji su, da sun riƙa zuwa wurin likitan haƙori tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Kamfanin ya musa laifi. Akwai kuwa wani gargada a gaban masu neman diyya, domin wanda ya daɗe cikin shaye-shaye sau da yawa haƙoransa sun riga sun tabu, tilas kowa ya nuna cewa fallen ne ya yi masa ɓarna. Amma fa cikin mutum 305 ɗin nan, 26 ba su taɓa ciwon haƙori ba kafin su fara.

Ita hukumar ba ta ce a daina ba, don ta ga amfanin maganin ya rinjayi illarsa, tun da wanda ya yar da shi yana iya komawa ga ƙwaya ta kashe shi. Abin da ta ce shi ne, in fallen ya gama narkewa a kurɓi ruwa, a kurkure baki a hankali, a haɗiye, kada kuma a goge haƙora sai an yi awa guda.