Raha a kan Wahalar Yau da Kullum: Daga Dandali zuwa Wayar Hannu a Yammacin Zamfara

1. Gabatarwa

Nufin wannan 'yar takarda shi ne a bayyana yadda samari da 'yan mata na ƙasar Hausa su ke mai da wahalolin zaman duniya abin dariya a cikin wayar hannu, a kuma nuna cewa dabarun harshe da su ke aiki da su tsofaffi ne, ko da ya ke wurin da a ke yin wasan ya sake. Na dubi yammacin Jihar Zamfara, watau ƙasar Anka da Gummi da Bukkuyum, inda ƙauyen 'Yargalma ya ke, saboda dalili biyu. Na farko, Hausar wannan yanki ta bambanta da wadda a ke koyarwa a makaranta, bambancin nan kuwa ya zama kayan wasa. Na biyu, mutanen wurin sun sha wuya mai tsanani a shekarun nan, saboda haka a wurinsu ne a ka fi ganin inda raha ta ke tsayawa. Misalan barkwanci da ke ciki ni na tsara su bisa ƙirar waɗanda a ke ji, don kada a ɗora wa wani maganar da bai yi ba.

2. Tushen abin

Bahaushe ya daɗe yana laƙaba wa wahala suna, kamar yadda a ke yi wa maƙwabcin da a ka gaji da shi amma ba dama a kore shi. Yunwar 1914 an kira ta Kakalaba. Wadda a ka yi a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu kuwa sunanta 'Yar Gusau, kamar wata budurwa ce da ta zo baƙunci daga can.

Akwai kuma masu sana'ar ban dariya. 'Yan kama su kan ari muryar malami mai karatu ko mawaƙin sarki, su cika ta da zancen tuwo da nama. C. G. B. Gidley ya yi nazarin wannan sana'a a 1967. 'Yan gambara su kan bi kasuwa da habaici. Wawan sarki ya kan faɗa wa ubangidansa abin da waziri ba zai iya faɗa ba. A watan azumi yara su kan yi tashe, su kwaikwayi tsoho da gwauro da mai rowa, har a Kano akwai sarautar Nalako, wanda aikinsa shi ne tsokanar gwagware. Bayan waɗannan ga wasan barkwanci na dangantaka: kaka da jika, taubasai, Fulani da Barebari, Gobirawa da Yarbawa, Kanawa da Zagezagi.

Sa'ad da rediyo da talabijin su ka zo, sai irin su Usman Baba Pategi, wanda a ka fi sani da Samanja, da Kasimu Yero su ka ɗauki wasan su ka kai shi gidajen mutane. Daga baya Rabilu Musa Ɗan Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya yi suna da shi a finafinan Hausa. Wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya a 2001, sa'an nan Facebook da WhatsApp da TikTok su ka biyo baya, su ka ba kowane mai waya damar da a da ɗan kama kaɗai ke da ita.

3. Dabara ta farko: aron sigar magana

Kowace irin magana mai nauyi tana da tufafinta. Sanarwar rasuwa tana da nata, haka sanarwar hukuma, da labarun rediyo, da takardar jarrabawa. Mai raha ya kan tuɓe tufafin nan ya sanya wa ƙaramin al'amari, dariya kuwa daga rashin dacewar rigar da mai ita ta ke fitowa. Ga misali daga wurin da wutar lantarki ba ta zama, mutane suna biyan kuɗi a rumfar mai janareta don a yi musu caji:

"Ana sanar da 'yan'uwa da abokan arziki cewa batirin wayata ya cika yau da azahar, bayan gajeriyar jinya. Ya bar kira uku ba a amsa ba, da budurwa ɗaya tana fushi."

A lura da kalmar "cika". A bakin mai rumfar caji, batir ya cika albishir ne. A cikin sanarwar rasuwa kuwa ma'anarta ya mutu. Mai karatu ya kan riƙe ma'anonin biyu a lokaci guda. Wannan shi ne aikin ɗan kama sosai, illa dai shi tuwo ya ke sakawa a inda waɗannan su ke saka waya.

Haka a ka yi a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira ya sa tsabar kuɗi ta yi wuya, da kuma bayan 29 ga Mayu na wannan shekara, da a ka janye tallafin man fetur. Mutum ya kan rubuta wa baburinsa takardar sallama irin ta ofis, yana yi masa godiya bisa shekarun da ya yi yana aiki.

4. Dabara ta biyu: tsohuwar kalma, sabon aiki

Galibin kalmomin da ke yawo a waya game da shahara da neman aure Hausa ce ta asali da a ka karkatar. Kalmar "wuf" amsa-kama ce, mai nuna hanzari, kamar a ce "ya tashi wuf". Wajen 2020 zuwa 2021 sai a ka wayi gari ana cewa "ta yi wuf da shi", watau ta aure shi da gaggawa kafin wata ta riga ta, musamman in mai hali ne. A nahawu, amsa-kamar ta shiga ginin "yi … da", ta karɓi mutum a matsayin abin da aiki ya faɗa wa. A ma'ana kuwa an kwatanta aure da yadda shaho ke ɗaukar ɗan tsako, kuma nan ne abin dariyar ya ke.

"Mabiya" a da mutanen malami ne ko na shugaban ɗariƙa, waɗanda su kan yi tafiyar kwana da kwanaki don su gan shi. Yanzu duk wanda ya taɓa wani ɗan wuri a fuskar waya ya zama mabiyi. Masu raha sun ga ratar da ke tsakanin ma'anonin nan, shi ya sa a kan ji irin wannan: wane yana da mabiya dubu goma, amma ran da baburinsa ya mutu a hanyar Gummi shi kaɗai ya tura. Haka "tashe" da "yayi", waɗanda tun asali su ke ɗauke da ma'anar abin da ke wucewa. In an ce yarinya tana tashe a TikTok, an yabe ta, an kuma tuna mata cewa akwai ranar sauka.

Ya kamata a tuna yadda a ke samun suna a da. A ƙasar Zamfara da Sakkwato makaɗa irin su Ibrahim Narambaɗa da Musa Ɗanƙwairo da Ɗan Anace su ne ke fitar da sunan mutum, sai kuwa mai sarauta, ko ɗan dambe, ko manomin da ya tara, ko mai kyauta. Akwai mai tacewa tsakanin mutum da jama'a. A waya mutum shi ne maroƙin kansa, al'adar Hausa kuwa ba ta ɗauki yabon kai da daraja ba. Yawancin ba'ar da a ke yi wa masu neman suna daga wannan ta ke tasowa.

5. Dabara ta uku: rubutu da karin harshe

Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti, wayoyi da yawa kuma ba su da ɓ da ɗ da ƙ. Saboda haka "baki" a waya yana iya zama bakin magana, ko baƙin launi, ko baƙin da su ka sauka a gida. Budurwa ta rubuta wa saurayi: "Kada ka zo yau, ina da baki." Shi kuwa ya amsa: "Na sani, tun jiya na ke shan sa."

Game da karin harshe, daidaitacciyar Hausa a kan Kananci a ka gina ta. Inda Bakano zai ce "Me ya faru? Ita ce ta zo ta faɗa mini," mutumin yamma ya kan ce "Mi yah hwaru? Ita ta taz zaka tah hwaɗa mani." A nan akwai hw a gurbin f, da dirka ta a gurbin ce, da kuma ninka baƙin farko na aikatau bayan wakilin suna. Masu wasan kwaikwayo na birni sun daɗe suna ba wa baƙauye wannan murya. Abin da waya ta kawo shi ne masu karin da kansu sun samu bakin ramawa: suna rubuta shi yadda su ke faɗarsa, suna kuma kwaikwayon Bakano mai gaggawar ciniki. Ga mai nazarin harshe wannan riba ce, domin karin da ba safai a ke ganinsa a takarda ba, ban da a waƙoƙi, yanzu ana rubuta shi kullum.

6. Zance

A al'ada saurayi ya kan tsaya a ƙofar gida ya aiki yaro ya ce ana sallama da wance. Ƙannenta sun gan shi, iyayenta sun san ɗan gidan wane ne, toshin da ya kawo kuma kowa ya shaida. A waya babu yaron aike, toshi ya koma katin waya da data, hoto kuma yana iya zama an gyara shi ko ma na wata ne. Kusan duk rahar neman aure a kan waɗannan ta ke: saurayin da ke yin filashin don a kira shi, da wanda ya yi wata uku yana hira da ƙato bai sani ba, da lissafin lefe a shekarar tsada.

A Satumba 2021 hukuma ta rufe hanyoyin sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, an yi makonni babu kira. Mutane su ka koma ba direbobi wasiƙa, waɗansu su ka riƙa yin doguwar tafiya zuwa inda waya ke kamawa. Abin da mai raha zai ce a irin wannan hali shi ne an gane masoyin gaskiya, domin mai budurwa biyar a waya ba shi da kuɗin motar zuwa ƙofa biyar.

7. Iyakar wasa

Hausawa sun ce da wasa a ke faɗa wa wawa gaskiya, amma wasan yana da sharuɗɗa. Taubashi ya san wanda zai tsokana, tashe yana da watansa, ɗan kama yana ganin fuskar mai sauraro, in ya ga ta sake sai ya juya zance. Maganar dandali kuma da watsewar taro ta ke watsewa. A waya duk waɗannan sun faɗi: wanda ba abokin wasa ba yana gani, abin kuma yana nan a ajiye. A Nuwamba 2022 wata kotun majistare a Kano ta yanke wa samari biyu bulala 20 kowanne, da tara, da sharar harabar kotu ta kwana 30, saboda wani ɗan wasa da su ka sa a TikTok a kan gwamnan jihar na lokacin, Abdullahi Umar Ganduje. Wawan sarki yana da kariyar al'ada, su kuwa ba su da ita.

Akwai kuma abin da raha ba ta taɓawa. A 2010 gubar dalma daga dutsen zinariya da a ke niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, har da 'Yargalma da Dareta da Bagega. Ana yi wa mai haƙar zinariya ba'a a kan mafarkin arziki, amma mai hankali ba ya kai wasa kan yaran nan, haka kuma ba ya kai shi kan wanda a ka sace wa ɗa. Sai dai a 2024 jaridu sun ba da labarin 'yan bindiga da ke fitowa a TikTok suna baje kuɗi, mutane kuwa suna binsu suna wasa da su. A da babu makaɗin fada da zai kai irin waɗannan gaban jama'a da sunan yabo, waya kuwa ba ta tambayar halin mai ita.

8. Shawara ga malamai

Ɗaliban kwalejojin horon malamai sun fi mu sanin wannan fage, ya kamata a yi amfani da saninsu. A sa kowane ɗalibi ya tattaro misali goma daga garinsu, ya cire sunayen masu su, ya rubuta su da baƙaƙe masu ƙugiya, ya sa alamar tsawon wasali da karin sauti, sa'an nan ya faɗi dabarar da ke cikin kowanne. Da wannan zai koyi ƙa'idar rubutu da bambancin kare-karen harshe a darasi guda. Daga nan sai a tambaye shi: wa a ka yi wa dariya a nan, yana cikin masu dariyar ko kuwa? Ɗaliban da su ka fito daga Anka da Gummi da Bukkuyum a roƙe su su rubuta nasu da karinsu, kada su mai da shi Kananci, domin irin wannan tari ne sashenmu ya fi bukata.